Azurfa a cikin kwalba: kundin aikin renon irin dankali

13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye yadda gwajin nano-azurfa, wato ƙananan ƙwayoyin azurfa da ido ba ya gani, ke tafiya a ɗakin bincikenmu da ke Jos, domin masu sana'ar renon tsiro a kwalba su gani, su kuma yi mana gyara inda ya dace. Abin da muke reno dankalin turawa ne, nau'in Nicola, wanda duk manomin dankali a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ya san shi.

Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin manomanmu daga abin da suka girbe suke ware iri, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Cututtukan bairos da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa suna ta taruwa a cikin irin, har a wayi gari gonar da ke cika buhuna ta koma ba da 'yan ƙananan 'ya'ya. Hanyar fita ita ce a samo shuka mai tsabta, a yi ta ninka ta a kwalba inda ƙwari ba sa kai wa, daga nan a fitar da ita rumfar raga ta yi ƙananan 'ya'yan iri. Ninkawar ba ta da wani surkulle. Ana yanko gaɓa ɗaya mai ido ɗaya, a dasa ta a kan abincin MS, wato haɗin gishirin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962, a ƙara sukari giram 30 da agar, garin da ke daskarar da abincin, giram 8 a kowace lita. Cikin mako huɗu idon zai fito ya zama kara mai gaɓoɓi da yawa, a sake yayyanka shi, a sake dasawa. Dankali ba ya ma buƙatar a sa masa sinadarin ƙara tsiro kafin ya yi wannan.

Matsalar tana cikin kwalbar. Kwalaben mayonis muke amfani da su, kuma saboda ƙurar hunturu da tsoron fumfuna muna ɗaure murfin da leda ram, ko iska ba ta shiga. Yau da safe na ɗauko guda ɗaya na ɗaga ta saitin fitila. Karan siriri ne, fari-fari, ya ƙi miƙewa, sai ya kwanta yana bin jikin gilashi. Ganyen bai buɗe ba, ɗan ɓawo ne kawai manne da kara. Saiwoyi masu gashi sun fito a tsakiyar kara, can sama da abincin, inda ba wurinsu ba. A jikin karan kuma akwai wasu fararen ƙuraje masu laushi. A kwalba ta biyu ganyen ya ɗan buɗe amma ya sha ruwa ya kumbura, haske na ratsa shi, da na taɓa shi da hantsaki sai ya karye. A ta uku kan tsiron ya yi baƙi ya mutu, rassa sun ɓarke ta ƙasa barkatai.

Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikin waɗannan kwalabe. Yanayin cikin kwalbar ne ke gurgunta shukar. Na raba matsalolin gida uku don kada mu haɗa su a buhu ɗaya: ƙanƙancewar ganye da kwanciyar kara, kumburin ruwa, da mutuwar kan tsiro. Irin wannan shuka idan aka fitar da ita rumfa, kafin azahar ta yanƙwane.

20 ga Janairu

Ɗalibar da muke aikin tare ta tambaye ni yau: “Malam, me ya haɗa azurfa da dankali?” Na ga ya kamata in rubuta amsar a nan ma.

Shuka tana fitar da wata iska mai suna etilin, ita ce ke nunar da ayaba da tumatir, ita ce kuma ke sa ganye ya yi ruwan ɗorawa ya faɗi. Tun 1901 wani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano cewa etilin da ke cikin gas ɗin fitilu ne ke sa tsiron wake na turawa ya daina miƙewa sama ya riƙa tafiya a kwance. Kwanciyar da muke gani a kwalabenmu ke nan. Duk lokacin da aka ji wa shuka rauni tana ƙara fitar da etilin, mu kuwa aikinmu kullum yanka ne. Harshen fitilar sifirit da muke ƙona bakin kwalba da shi ma yana ƙara nasa. Sai mu rufe murfi mu ɗaure, iskar ta rasa hanyar fita. Dankali yana cikin shuke-shuken da ba sa jure wannan ko kaɗan.

A 1976 Elmo Beyer ya nuna cewa azurfa narkakkiya tana hana etilin aiki a jikin shuka. Daga baya aka fahimci yadda abin yake. Furotin ɗin da ke karɓar saƙon etilin yana buƙatar ƙwayar jan ƙarfe a tsakiyarsa. Azurfa tana iya zama a gurbin jan ƙarfen, etilin ya zo ya maƙale, amma saƙon ba ya wucewa gaba. Wato azurfa ba ta kwashe etilin daga kwalba, toshe wa shukar kunne take yi, kamar mai kwana kusa da injin niƙa da ya cusa auduga a kunne: injin na nan yana ta ƙara, shi ne dai ba ya ji. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk gwajin nan, kuma ina so ɗalibata ta riƙe shi da kyau.

To me ya sa ba za mu zuba gishirin azurfa na naitiret kai tsaye ba? Abincin MS yana ɗauke da miligiram 440 na kalsiyam kuloraid a kowace lita. Azurfa na haɗuwa da kuloraid sai su dunƙule su zama farin gari da ba ya narkewa, haske kuma ya baƙanta shi. Abin da ya rage a narke yana iya ƙona saiwa. Masu sana'ar furanni a Holan sun daɗe da samun mafita: a haɗa naitiret ɗin da sodiyam tiyosalfet, ɗaya bisa huɗu, a samu abin da ake kira STS, wanda ke tafiya cikin jijiyoyin shuka ba tare da ya dunƙule ba. Veen da van de Geijn sun nuna haka a furen kanashan a 1978.

Nano-azurfa kuma ƙwayoyin ƙarfen azurfa ne da girmansu bai wuce nanomita 100 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Fatan da ake yi a kansu shi ne su riƙa sakin narkakkiyar azurfa sannu a hankali tsawon makonnin da shukar za ta yi a kwalba, maimakon a ɗura mata gaba ɗaya rana guda. Ƙungiyar Duong Tan Nhut da ke Da Lat a ƙasar Biyetnam ta yi rubuce-rubuce da dama a kan amfani da su wajen renon furanni da sauran tsirrai a kwalba. Tunanin yana da ma'ana. Amma ni ba zan yabi nano ba sai na ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da STS, da kuma murfin da ke barin iska ta wuce.

29 ga Janairu

Mun haɗa nano-azurfarmu da kanmu, ta hanyar sitiret da Lee da Meisel suka bayyana a 1982. An narkar da miligiram 90 na naitiret ɗin azurfa a rabin litar tataccen ruwa, aka ɗora a wuta har ya tafasa, sannan aka zuba mililita 10 na ruwan sodiyam sitiret mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, maganaɗisu na ta juyawa a ƙasan kwalbar. Da farko ruwan garau yake. Bayan 'yan mintuna sai ya ɗauki launin ɗorawa mai haske daga gefe, ya yi ta duhu har ya zama ɗorawa mai sirkin kore da toka, ba a ganin abin da ke bayansa. Muka bar shi yana tafasa kusan awa ɗaya, muka mayar da ruwan da ya tafi a tururi, muka naɗe kwalbar da takardar aluminiyam.

Na'urar auna hasken da ruwa ke sha ta nuna tudu kusa da nanomita 420, wanda shi ne alamar ƙwayoyin azurfa. Tudun yana da faɗi, ma'ana girman ƙwayoyin ba ɗaya ba ne, kuma an san wannan hanya da haka.

Akwai abin da na dage a yi. Idan wani ɓangare na naitiret ɗin bai rikiɗe ba, to duk abin da muka gani nan gaba za a ce nano ne ya yi, alhali tsohon gishiri ne. Saboda haka muka juya wani kaso a injin tacewa mai gudu har ƙwayoyin suka kwanta a ƙasa, muka tsiyaye ruwan saman, muka ɗiga masa ruwan gishiri. Bai yi fari ba. Da akwai narkakkiyar azurfa mai yawa da nan take ya gauraye.

3 ga Fabrairu

Mun gwada zuba nano-azurfar a ruwan MS kafin a sa agar. Cikin ɗan lokaci launin ɗorawan ya gushe ya koma toka, washegari muka tarar da baƙin gari kwance a ƙasa. Gishirin MS ya yi wa rigar sitiret da ke lulluɓe ƙwayoyin yawa, ƙwayoyin sun manne da juna. Da muka fara gauraya su da PVP, wani sinadari da ke lulluɓe ƙwayoyin ya hana su mannewa, kafin a zuba, launin ya tsaya. Mun kuma yanke cewa ba za a gasa su tare da abincin a tukunyar tururi ba. Za a gasa kowanne daban a digiri 121, a bar abincin ya huce zuwa wajen digiri 50, sannan a haɗa a kan teburin tsabtatacciyar iska.

10 ga Fabrairu

An dasa. Ga tsarin:

Rukunin farko kwalba ce a ɗaure, babu azurfa, yadda muka saba. Na biyu a ɗaure, da sitiret da PVP kawai, don mu tabbatar ba su ne ke yin wani abu ba. Rukunai huɗu na nano-azurfa: miligiram 1, da 2.5, da 5, da 10 a lita. Rukuni ɗaya na STS mai ɗauke da azurfa miligiram 2.5 a lita, daidai da na nano na biyu, don awon ya zama na adalci. Rukuni ɗaya babu azurfa amma an huda murfin an toshe ramin da auduga. Na ƙarshe a ɗaure, amma an tsayar da 'yar ƙaramar kwalba a ciki mai ɗauke da fotasiyam famanganet, wanda ke cinye etilin daga iska. Kowane rukuni kwalba goma, kowace kwalba gaɓa biyar, duk daga tsakiyar kara aka yanko su. Haske awa 16, duhu awa 8. Mun warwatsa kwalaben a kan kanta ta hanyar ƙuri'a, domin ɓangaren da ke kusa da taga ya fi sanyi.

Shugaban sashe ya leƙo yana kallon jerin kwalaben, ya ce rukunan sun yi yawa ga gwaji ɗaya. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, in babu na auduga da na famanganet, duk abin da azurfa ta yi ba za mu san dalilinsa ba.” Ya ɗan yi shiru, ya ce a ci gaba.

24 ga Fabrairu

Mako biyu. Ko daga bakin ƙofa ana iya bambance wasu rukunan. Na miligiram 2.5 da na STS sun miƙe tsaye, ganye ya fara buɗewa. Na miligiram 10 idon ya fito amma saiwa shiru.

10 ga Maris

Mako huɗu cif, yau muka buɗe muka duba ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin azumi, shi ya sa muka fara tun da sassafe.

Rukunin da aka saba da na sitiret da PVP ba su da bambanci: siririn kara, ganye ɗan mitsitsi, saiwa a sama, fararen ƙuraje. Wannan ya wanke sitiret da PVP.

A miligiram 1 an samu sauƙi amma bai kai ba. A 2.5 ne abin ya fito fili. Na zaro ɗaya na shimfiɗa ta a kan farar takarda. Karan ya yi kauri, ya yi kore, gaɓoɓin sun matso kusa da juna. Ganyen ya buɗe ya yi faɗi, kore shar, har ana ganin gashin jikinsa da jijiyoyinsa. Babu saiwa ko ɗaya a saman kara, duk suna ƙasa cikin agar, farare. Ƙurajen sun ɓace. Ɗalibata ta daɗe tana juya ta da hantsaki, ta ce, “Malam, yau na ga ganyen dankali a kwalba.” Gaskiya ta faɗa. A miligiram 5 ganyen yana da kyau haka, sai dai saiwoyin sun gajarce, bakinsu ya soma yin ruwan ƙasa. A 10 kuwa guba ce ƙarara: shukar ta tsugune, saiwa 'yan guntaye baƙaƙe, ƙasan karan da ke cikin abincin ya yi duhu. Tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, kuma saiwa ce ke fara nuna alama tun ganye na nan da kyansa. Duk wanda zai yi wannan aiki ya riƙa ɗaga kwalba yana duba gindinta.

STS ya yi daidai da nano na 2.5. Na jera su ba tare da takardar shaida ba na ce ɗalibata ta rarrabe, ba ta iya ba. Famanganet ma ya buɗe ganye ya miƙar da kara, wanda ke tabbatar mana cewa etilin ne tushen wannan matsala ta farko.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutuwar kan tsiro tana nan a duk kwalaben da aka ɗaure, da azurfa da babu. Kumburin ruwa ya ragu a na azurfa amma bai ƙare ba, musamman a ganyen ƙasa da ke kusa da abinci. Rukunin auduga ne kaɗai ya kuɓuta daga duka ukun. Dalilin a bayyane yake. Kalsiyam yana hawa jikin shuka ne tare da ruwan da ganye ke fitarwa. A kwalbar da aka ɗaure, iska ta ƙoshi da laima, ganye ba ya fitar da komai, kalsiyam ba ya isa can kan tsiro inda sababbin ƙwayoyin halitta ke buƙatarsa, sai kan ya mutu. Wannan ba aikin etilin ba ne, don haka azurfa ba ta da abin yi a ciki. Kumburin ruwa kuma uwarsa laima ce, etilin taimaka mata kawai yake yi.

Sai dai auduga ma tana da nata. Agar ɗin ya tsotse ya tsattsage kafin mako huɗu ya cika, saboda busasshiyar iskar wannan lokaci, kuma a wannan rukuni ne fumfuna ya fi shiga.

26 ga Maris

Wani abu ya taso da ya dame ni. A wasu kwalaben da babu azurfa akwai wani farin hazo a cikin agar kewaye da gindin kara, alamar bakteriyar da ke zaune cikin jikin shuka. A kwalaben azurfa babu hazon ko kaɗan, alhali duk daga uwa ɗaya aka yanko su. Azurfa tana kashe bakteriya, wannan sananne ne, kuma da yawa suna lissafa shi cikin alfanun nano. Muka ɗauki gaɓoɓi daga kwalaben azurfa masu kyan gani muka mayar da su kan abincin da babu azurfa. Cikin kwanaki hazon ya dawo a wasunsu.

Ke nan azurfar danne bakteriyar ta yi a cikin agar, ba ta kai ga wadda ke cikin kara ba. Ga mai samar da iri wannan haɗari ne babba, domin zai yi ta ninka shuka mai ɗauke da cuta yana ganin kwalba fes. Daga yau duk layin da za a ninka sai ya yi zagaye ɗaya a abincin da babu azurfa an gan shi da tsabta. Haka kuma kada wani ya ɗauka azurfa tana taɓa bairos. Wannan aikin yankan ƙwayar kan tsiro ne da gwajin ELISA da ke gano bairos a jikin shuka, babu gajeriyar hanya.

Zafi ya shigo, ana kuma yawan ɗauke wuta da rana. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, gumi na taruwa a jikin kwalaben. Na sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a kan kanta, muna rubutawa kullum.

14 ga Afrilu

Zagaye na biyu ya cika. A wannan karo mun watsar da miligiram 10, mun ƙara sabon rukuni: nano 2.5 tare da murfi mai ƙaramin rami da aka lulluɓe da filastar asibiti mai numfashi maimakon auduga. Ramin ya fi na farko ƙanƙanta, agar bai bushe ba. Wannan rukuni ne ya fi kowanne kyau a ido, ganye mai faɗi, kan tsiro lafiya, babu kumburi.

Mun kuma duba ƙofofin numfashin ganye. Dabarar mai sauƙi ce: a shafa jan farce marar launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a ɗaye shi da salatif, a manna a gilashi a sa a madubin ƙara girma. Na ganyen kwalbar da aka ɗaure, har da masu azurfa, zagayayyu ne, a wangale. Mun bar ganyen ya ɗan sha iska a kan tebur muka sake ɗauka, suna nan a buɗe, ba su iya rufewa ba. Na murfi mai rami kuwa dogaye ne, kuma da yawansu sun tsuke. Wannan ya sa na rage murnar da na yi a watan jiya. Ganyen azurfa yana da faɗi da kore, amma ganyen da ba ya rufe ƙofofinsa, faɗin nasa ƙarin hanyar asarar ruwa ne idan ya fita waje.

Ragowar abinci da ruwan wanki masu azurfa ba ma zuba su a kwata. Azurfa narkakkiya tana kashe kifi da ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ce. Muna tara su a jarka daban, a zuba gishiri ta kwanta, a ajiye.

5 ga Mayu

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, mun fitar da su rumfar raga. An wanke agar daga saiwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, an dasa a faranti mai ramuka cikin garin ɓawon kwakwa da yashi, an kifa farar leda a sama. Dattijon da ke kula da rumfar ya fi mu sanin wannan mataki nesa ba kusa ba. Na ce masa, “Baba, a buɗe ledar kaɗan-kaɗan daga kwana na uku.” Ya ce, “Malam, ka bar ni da su. Da yamma zan riƙa ɗagawa, ba da safe ba, rana tana fitowa da ƙarfi bayan ruwa.” Na bar shi da su. Bai san wane faranti ne wane rukuni ba, lamba kawai ke jiki, kuma haka nake so.

2 ga Yuni

Mako huɗu a rumfa. Na rukunin da aka saba, da yawa sun narke tun makon farko, waɗanda suka rayu kuma sun daɗe ba su motsa ba. Na azurfa a kwalbar ɗaure, nano da STS duka, sun yi yaushi sosai a kwanakin farko, tsofaffin ganyen sun bushe daga gefe, amma kaurin karan ya riƙe su har suka fitar da sabon ganye, kuma mafi yawansu sun tashi. Na miligiram 5 sun yi jinkirin kama ƙasa saboda saiwar. Na murfi mai rami, da azurfa da babu, kusan ba su nuna sun san an canja musu wuri ba. Da na tambayi Baba waɗanne faranti ya fi so, ya nuna guda biyu ba tare da ya duba lamba ba, duka na murfi mai rami ne, ɗaya da nano ɗaya babu.

Ga inda nake tsaye a yanzu. Nano-azurfa a miligiram 2.5 tana gyara abin da etilin ya ɓata a dankalin Nicola, na gani da idona sau biyu. Ba ta fi STS ba a hannunmu, kuma STS ana haɗa shi cikin mintuna, ba ya buƙatar tafasawa ko PVP ko na'urar auna haske. Dukansu biyu ba sa maganin laima. Ɗakin gwajin da kuɗinsa kaɗan ne, ya fara da huda murfi da filasta kafin ya sayi azurfa. Inda nake ganin azurfa za ta yi rana shi ne wurin da dole kwalba ta zauna a ɗaure: lokacin ƙurar hunturu, ko idan za a yi doguwar tafiya da kwalabe, misali zuwa Mambila, ko ajiyar nau'o'in iri na watanni ba tare da an sake dasawa ba. A wannan na ƙarshe ne sakin azurfa sannu a hankali zai iya bambanta nano da STS, domin mako huɗu bai isa ya nuna hakan ba.

Saboda haka gwaji na gaba na ajiya ne. Ranar Litinin mai zuwa za mu dasa rukuni uku a kwalabe ɗaure, nano 2.5 da STS da wanda babu komai, mu bar su wata uku ba a buɗe ba, muna dubawa duk mako biyu. Za mu ƙara nau'in Marabel, tunda ba lallai abin da ya yi wa Nicola daidai ya yi wa wani nau'in ba. Waɗanda ke rumfa kuma an mayar da su manyan tukwane, kowanne da lambarsa. Idan sun yi 'ya'ya a watan Agusta za mu ƙirga mu auna na kowane rukuni daban, kuma na riga na fara neman ɗakin gwajin da zai auna mana ko azurfar ta kai cikin 'ya'yan kafin ko ɗaya ya je hannun manomi.